Harawa a Gindin Sola

Kai Sani, ajiye wayar nan ka dube ni. Kai ma Bala, na ji abin da ka faɗa ɗazu a bayan mota, kunnena bai mutu ba. Wai kai gyaran famfo ka zo koyo ba noma ba, don kawai na ce ku share ciyawar da ta kewaye tankin mutane. To madalla. Ku a ganinku sana'ar nan ita ce a kira mai injin haƙa ya zo ya yi ta ruri, a zura sumo, wato injin da ke turo ruwa daga ƙasa, a danna maɓalli, ruwa ya zubo, a ɗauki hoto a tura wa ɗan kwangila. Haba yara! Wannan ai ko ɗan acaɓa aka nuna wa sau ɗaya zai yi. Samo ruwa daban, riƙe shi daban, kuma na biyun ne aikinmu. Ku jawo benci ku zauna, yau ba inda za mu sai kun ji.

Aikina na farko yasar rijiya ce, a wani gida bayan kasuwar Kontagora. Lokacin ko gemu ban fara ba. Mahaifina ne ya kai ni wurin Baba Ishaya, wani Bakambare daga wajen Auna, gajere, mai faɗin kafaɗa, wanda magana ke yi wa wuya kamar kuɗinta yake biya. Na zo da zumuɗi, na cire riga zan shiga. Sai ya riƙe ni da hannu ɗaya, ya kunna fitilar kwano, ya ɗaura mata igiya ya zura a hankali. Muna kallo, kafin ta kai ƙasa ta mutu. Ya ce, "Ka ga? Da kai ne." Muka sari ganyen dogon yaro muka ɗaure a igiya, muka yi ta ja sama da ƙasa har iskar ciki ta sauya, fitila ta sauka ta dawo da ranta, sannan ya bar ni na taka. Ranar na kwashe laka da fasassun tukwane da takalmin yaro har bayana ya ƙage, da yamma kuma ya sa na wanke igiya na naɗe ta yadda yake so.

Kayan aikinmu a lokacin ba su cika buhu ba. Diga mai gajeriyar ƙota, don a cikin rami ba wurin ɗaga hannu. Dagi, shebur da aka yanke wa baki, guga, da igiya. Igiyar nan Baba ba ya yarda a taka ta, ko kai waye. Na taɓa ganin ya tsayar da wani alhaji mai gida a tsakar gidansa saboda ya ɗora ƙafa a kai, ya ce masa, "Alhaji, ran yarona ne kake takawa." Alhaji ya ɗauke ƙafa har da ba da haƙuri. A wurinsa na koyi karanta ƙasa: jar ƙasa tukuna, sai marmara mai cin bakin diga, sai yumɓu, sai ka fara jin tsakuwa mai sanyi a tafin hannu, ka san ka kusa. Yakan ɗebi ƙasar ya murza, ya sansana, wani lokaci har ya ɗanɗana. Ni dai ɗanɗanon ban taɓa gane komai a ciki ba sai ƙasa a haƙori.

Da famfon tuƙa-tuƙa ya shigo, mutane da yawa a sana'armu suka zauna suna zagin zamani. Baba bai zauna ba. Akwai wani famfo kusa da Tungan Magajiya da ya daina ba da ruwa, aka yi ta jiran masu gyara daga birni ba su zo ba. Baba ya ari sifana biyu, muka kwance shi tun daga hannu har ƙasa, muna jera kowane ƙarfe a kan tabarma bi da bi don kada mu manta yadda za mu mayar. A can ƙarshe muka tarar wata ƴar roba ce ta cinye, ba ta kai tafin hannun jariri ba. Gari guda yana shan ruwan kududdufi saboda ita! Ya yanko wata daga tsohuwar fatar takalmi ya sa, ta riƙe har muka samo ta gaske a Kontagora. Daga ranar aka fara zuwa nemanmu da babur.

Kuma ku sani, masu gidanmu na gaskiya mata ne. Shugaban kwamitin ruwa zai zo da babbar riga ya yi maka bayani mai tsawo, amma bai san komai ba, don rabonsa da ɗaukar bokiti tun yana yaro. Ka je bakin famfo ka gaida matan da ke layi. Wata za ta ce, "Tun makon jiya yake tari kafin ya kawo." Wata ta ce, "Da safe fari, da rana ja." Shi ke nan, sun gama maka rabin aiki. Kai Bala da kake wuce su kana taunar cingam ko sannu babu, wallahi kai kake cutar kanka.

To, bohol ɗin da nake so in ba ku labari yana wani ƙaramin gari kan hanyar Rijau, Tungan Kirya. Mai sola ne, da tankin roba a kan ƙarfe, da shingen waya kewaye. Wasu ne suka haƙa suka tafi, kulawa ta dawo hannunmu. Abin da Baba ya fara yi shi ne ya tone duk bututun roba da aka shimfiɗa a sarari ya binne shi zurfin kamu, wanda ya fito sama kuma ya sauya shi da na ƙarfe. Sannan kowace shekara, da an gama girbi ciyawa tana da sauran ɗanye, sai mu je da sassafe raɓa ba ta bushe ba. Mu kankare ƙasa da fartanya mu kewaye shingen, mu sa wa ciyawar waje wuta mu da kanmu, tana ci a hankali muna bin ta da ɗanyen ganye. In wutar daji ta zo daga baya, sai ta tarar ba abin da za ta ci, ta juya. A ƙasar nan kun san rani ba ya wucewa ba a sa wa daji wuta ba, ko masu farautar gafiya, ko mai gyaran gona, ko wani da ya jefar da guntun taba.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Dawa tana cikin fitar da kai aka nemi hadari aka rasa. Rijiyoyin gidaje suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, madatsar da shanu ke sha ta koma laka, lakar ma ta tsage. Tun daga rugagen Fulani har tungayen da ke kewaye, kowa ya dawo kan bohol ɗin nan guda. Da muka je ƙona ciyawa kamar kullum, mai unguwa ya tare mu, dattijo mai kunya, ya ce, "Baba Ishaya, don Allah bana a bar mana gambar nan. Ba abin da dabbobi za su ci, ba abin da za mu yi jinka da shi. Za mu yanke ta da kanmu." Baba ya daɗe yana kallon gambar, ta fi tsayin mutum, ta cika kwarin da ke gabas da shingen. Ya san gaskiya mutumin ya faɗa. Muka kankare ɗan siririn layi kawai muka dawo, ran Baba ba daɗi.

Da rani ya yi tsakiya aka aiko mana cewa famfo yana shaƙar iska. Ruwan ƙasa ya ja baya, dole a ciro sumo a ƙara bututu a sauke shi ƙasa. Muka isa da hantsi. Ina buɗe ƙofar shingen na tsaya. Tabɗi! Harawa ce dami a kan dami, an cusa ta a ƙarƙashin farantan sola har tana taɓa su, wata an jingina da ƙafafun tanki. Gambar gabas kuwa ko rabi ba a yanke ba.

Kada ku ce wauta ce, ku da ba ku taɓa kiwon ko kaza ba. Harawa in rana ta dake ta, ganyen ya kakkaɓe ya bar ka da kara. Tana son inuwa. A shekarar kuma in ka ɗora ta a bishiya ko a kan rufi, shanu masu yunwa ko masu dogon hannu ba za su bar ta ba. To ga wuri mai shinge, mai makulli, mai inuwa, na kowa da kowa. Wa zai ƙi? Wadda ta fi kowa yawa a ciki ita ce Gwaggo Talatu, wata dattijuwa da mijinta ya rasu, gonar wakenta ba ta ba ta ƙwaya ba sai ganye. Da harawar nan take riƙe awakinta, da awakin take riƙe jikokin da aka bar mata.

Baba ya kira mai unguwa ya ce a kwashe. Mai unguwa ya ce in sha Allahu gobe, yau maza sun tafi kasuwa. Baba ya yi ƙwafa, amma gari na jiran ruwa, sai muka hau aiki da ƴan mazan da suka rage. Ciro sumo ba wasa ba ne. Kuna ja, kuna kwance bututu ɗaya bayan ɗaya, wani yana riƙe da igiya, wani yana naɗe wayar wuta kada ta karce a bakin ƙarfe. In ya kuɓuce ya faɗa ciki, sai dai ku yi salati. Rana tana tsaka muka fito da shi, muka shimfiɗa bututun roba a cikin shingen, sumo yana kwance a kan buhu. Wato a daidai lokacin garin ba shi da famfo, sai ɗan ruwan da ya rage a gindin tanki.

A nan ne wata mata a layi ta ce, "Wancan hayaƙin fa?"

Daga gabas yake, iska kuma daga can take busowa. Kafin mu gama dubawa mun fara jin ƙarar, gamba tana fashewa tas-tas-tas, shirwa suna shawagi a sama suna cafke fara. Wa ya sa ta? Har yau ban sani ba. Wuri ya rikice. Mata suka watsar da layi, masu harawa suka ruga cikin shinge kowa yana neman daminsa ya kai gida, wasu samari suka nufi tanki da bokitai.

Ban taɓa jin Baba ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya tsaya a gaban famfon tankin ya ce, "Ba mai taɓa ruwan nan! Ko kun zuba duka, gambar can ba za ta ji ba. In injin bai tashi yau ba, shi yaranku za su sha." Ya datse makulli ya jefa mabuɗin a aljihu. Sannan ya juya ga masu harawa. "Gari da nisa. In kowa ya ɗauki nasa ya tafi, kafin ku dawo ba sola, ba tanki, ba bututu. Ku fitar da harawar nan gabas, bayan layin da muka kankare. Mu sa mata wuta da kanmu, ta ci ta je ta tari waccan. Hannu nake so a nan, kowa da fartanya."

 Ka ce wa mutum ya ƙona abincin dabbarsa a shekarar fari? Wani mutum da dami a ka ya ce, "Baba, kai ba ka da akuya a garin nan." Ya sa kai ya wuce. Biyu suka bi shi. Mai unguwa yana ta "ku tsaya, ku tsaya," ba mai jin sa. Wallahi na ɗauka shi ke nan, har na fara tunanin yadda zan saɓi sumo in gudu da shi, ko shi kaɗai ya tsira.

Sai ga Gwaggo Talatu ta fito daga ƙarƙashin sola tana jan dami biyu, ɗaya a kowane hannu, don ba ta iya ɗagawa. Ba ta nufi gari ba. Ta ja su ta tsallake layin da muka kankare, ta yar a bakin gamba, ta koma ta jawo wasu. Da ta ga ina tsaye baki buɗe ta ce, "Kai Haruna, kallo ka zo yi? Kama mini!" Muka yi ta fitarwa har nata ya ƙare. Ta tsaya tana haki, ta dubi matan garin ta ce, "Akuya in ta rasa harawa ta ci ganyen bishiya. Ku in kun rasa ruwa me za ku ba yara?" Sannan ta miƙa wa Baba hannu. "Kawo ashanar. Ni na noma ta, ni zan kunna."

Kai, na ga mata a rayuwata, amma ban ga irin wannan ba. Ita ta ƙyasta, ita ta sa. Da harawarta ta kama, sai ka ga kunya ta kama kowa. Wanda ya yi maganar akuya ma ya juyo daga hanya ya jefa nasa a wuta, bai kalli kowa ba. Nan da nan shingen ya zama fayau. Baba ya jera mata da fartanya suna faɗaɗa layi, maza da rassan dogon yaro suna tsaye a bayansu, duk inda wutarmu ta yi yunƙurin tsallakowa a doke ta. Shi kuma yana tafe da tsumagiyar ciyawa mai ci, yana ɗiga wuta kaɗan-kaɗan a gefen layi, ba ya sa ta gaba sai ta baya ta yi nisa. Wutarmu tana rarrafe tana shiga gamba, iska tana turo mana hayaƙinta a ido. Babbar kuwa tana tahowa da ruri kamar tirela a kan gada.

Da suka kusa haɗuwa, sai iska ta juya, babbar ta zuƙe tamu, suka tashi sama gaba ɗaya. Zafin ya sa muka kwanta da ciki. Amma tsakaninmu da su akwai baƙar ƙasa mai faɗi da ta riga ta ƙone. Abin da ya tsallako shi ne tartsatsi da guntayen ciyawa masu ci, suna faɗowa ko'ina. Wani ya sauka a ƙarƙashin sola, inda diddigar ganyen harawa ta taru, daidai wurin da muka naɗe wayar sumo. Ni ina can wajen tanki. Baba ne kusa, kuma ba komai a hannunsa. Tsohon nan ya durƙusa ya kwashe wutar da tafin hannu biyu ya watsar waje, ya sake kwasa, ya janye wayar, ya danne sauran da ƙasa. Da na iso, fatar hannunsa ta yi fari ta tashi. Na ce, "Baba, hannunka!" Ya ce, "Duba wayar." Na duba, bawon sama kawai ya ɗan narke.

Wuta ta rabu biyu ta wuce ta kudu da arewa, ta mutu a gonakin da aka riga aka share. Mutane suka fara hamdala, masu cewa Alhamdu lillahi da masu cewa mun gode wa Yesu, duk baƙi ƙirin kamar ƴan gawayi. Baba ya ce ba a gama ba. Sola ba ta aiki sai da rana, rana kuma ta karkata, ga hayaƙi ya rufe ta. In ba mu mayar da sumo yanzu ba, gari zai kwana da ƙishi, kuma ba wanda ya san ko farantan sun tsira, don ɗaya ya tsage, sauran toka ta lulluɓe su.

Shi ba ya iya riƙe ko sifana. Ya zauna a kan bulo, hannuwa a sama, yana ba da umarni da baki. Ni na ɗaura, ni na ƙara sabon bututu, maza suna sakin igiya a hankali. "Kada ka yi sauri, Haruna. In ka karya haƙorin bututu, saurin bai yi amfani ba." Mata suka cire ɗankwali suna goge farantan a bushe, don ya hana a jiƙa ko tsumma. Na cire farantin da ya tsage daga jerin na haɗa sauran. La'asar ta yi sosai lokacin da na ɗaure na ƙarshe na danna.

Shiru. Ruwa bai zo ba. Baba ya taso ya kwantar da kunnensa a jikin bututun ƙarfe, ya rufe ido. Muna kallon fuskarsa kamar ta likita. Can ya ce, "Yana zuwa." Sai bututu ya yi tari, ya tofar da iska, ya tofar da jan ruwa, sannan fari ya biyo, siriri, amma bai yanke ba. Guɗar da matan nan suka yi, na tabbata an ji ta a rugage.

Aka sake yin layi, amma ba wadda ta yarda ta sa bokiti. Suka tura Gwaggo Talatu gaba, tana cewa ita a baya take, suna cewa yau dai ba ta isa ba. Ta tara kwanonta ya cika. Maimakon ta ɗora a ka, sai ta ɗauko shi ta kawo gaban Baba ta ajiye, ta kama wuyan hannayensa ta tsoma su a ciki. Ya ja numfashi ta haƙori. Suka daɗe a haka, ita a tsugune, shi a kan bulo, ruwan yana komawa baƙi da toka.

Da ya sami sauƙi ya ce, "Talatu, kada ki zubar da wannan. Ki kai wa awaki."

Ta gyara ɗaurin zaninta, ta ɗauki kwanon a hankali kada ya zube.

"Zan kai musu, Baba," in ji ta. "Su sha su ƙoshi. Gobe kasuwa za su."